Agogon tsayi a simileta: me ya sa taya ke taɓa ƙasa alhali allura na cewa kana sama?

Ran wata Asabar cikin watan Afrilu, bayan la'asar, muna zaune a zaure a Mabera ni da ɗan yayata, fanka na ta kaɗa mana iska mai zafi. Kwamfutarsa na kan cinya. Ya taso da ƙaramin jirgi Cessna 172 daga Kano a cikin simileta, wato manhajar kwamfuta mai kwaikwayon tuƙin jirgin sama, ya kunna yanayin ainihi, ya yi kusan sa'a biyu a sama, ga shi yana gangarowa filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na III. Ya ce ranar da agogo kaɗai zai sauka, ba zai kalli waje ba sai ƙarshe. Yana bin allura a hankali, tana sauka, 1,500, 1,400, 1,300, sai allon ya girgiza.

"Kawu, wanga abu ya ɓaci. Shina nuna 1,200, ga ni ƙasa cikin gonar mutane."

Na ce ya matso da allon. A jikin agogon tsayin, ta hannun dama, akwai wata 'yar taga da lambobi a ciki. Abin da ke rubuce 29.92 ne. Na ce ya buɗe rahoton yanayin Sakkwato na wannan sa'ar, muka ga Q1006. Babu abin da ya ɓaci. Agogon ya yi aikinsa daidai da lambar da aka ba shi, lambar ce ba ta ranar ba.

Agogon nan da ake kira altimita ba shi da wata hanya ta sanin nisan da ke tsakaninka da ƙasa. Matsin iska yake aunawa. A gefen jirgi akwai wani ɗan rami da ke shigar da iskar waje ta cikin bututu zuwa bayan agogon, a ciki kuma akwai wasu siraran faifan ƙarfe masu rami a tsakiya, an zuƙe iskar cikinsu an liƙe. Idan jirgi ya hau, iskar da ke bisa kansa ta ragu, matsinta ya yi sauƙi, sai faifan su kumbura. Idan ya sauko sai su matse. Wannan ɗan motsi shi ake juyawa ta hanyar haƙoran ƙarfe ya zama tafiyar allura. Kusa da ƙasa, duk hawan ƙafa 27 zuwa 30 na rage matsin da hektofaskal ɗaya, wato ma'aunin matsin iska. Simileta ba ta da faifan ƙarfe, amma lissafin nan take bi sak.

To da a ce matsin iska a doron teku tsaye yake kullum, da an gama magana. Ba ya tsayawa. Yana hawa yana sauka da tafiyar yanayi, daga gari zuwa gari, daga safe zuwa yamma. Shi ya sa aka yi wa agogon mamurɗi a ƙasa ta hagu da waccan 'yar tagar, don matuƙi ya gaya masa inda zai fara ƙidaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sayar da kifi ko nama a kasuwa ya ga irin haka: ya ɗora kwano a kan sikeli, ya murɗa har allura ta koma sifili, sannan ya zuba kaya. In bai murɗa ba, har nauyin kwanon za ka biya, alhali sikelin lafiyarsa lau.

Ana kiran tagar da sunan Paul Kollsman, Bajamushen da ya koma Amurka ya ƙera agogon tsayi mai daidaito a 1928. Ranar 24 ga Satumba 1929 Jimmy Doolittle ya tashi daga filin Mitchel da ke jihar New York, an rufe ɗakin matuƙinsa ba ya ganin waje, ya kewaya ya sauka da agoguna kaɗai, cikinsu har da na Kollsman. Abin da ɗan yayata ke ƙoƙarin kwaikwaya a zaure ke nan.

Lambobin da ake sawa a tagar iri uku ne, amma ɗaya ce za ta fi cin lokacinka, wato QNH. Haruffan ba gajarta wasu kalmomi ba ne, tsofaffin alamomi ne tun zamanin aika saƙo da wayar tangaraho. QNH ita ce matsin iskar filin jirgi bayan an yi lissafi an mayar da shi kamar a doron teku aka auna. Idan ka sa ta, agogon zai nuna tsayinka daga doron teku. Ma'ana, kana tsaye a kan titin jirgin Sakkwato, injin a kashe, agogon zai nuna kimanin ƙafa 1,010, domin tsayin filin ke nan, mita 308. A Kano zai nuna kimanin 1,560, a Legas 135, a Jos sama da 4,200.

Nan ne masu farawa suka fi ruɗewa. Mutum ya ga jirgi a ƙasa, allura kuma na kan dubu ɗaya, sai ya kama mamurɗi ya mayar da ita sifili don yana ganin ya gyara. Abin da ya yi yana da suna, QFE, kuma an daɗe ana aiki da shi a wasu ƙasashe, Rasha na cikinsu. Yana nuna tsayinka daga wannan filin kaɗai. Matsalarsa, tsaunuka da eriyoyi da tsayin da aka rubuta a taswirorin sauka na yau galibi daga doron teku aka auna su. In ka tashi daga Sakkwato da sifili ka nufi Jos, duk abin da taswira ta gaya maka ya saɓa da agogonka da ƙafa dubu. Ko a can Jos ɗin ka so mayar da allura sifili, mamurɗin yawancin ƙananan jirage zai ƙare kafin ka kai, domin tagar ba ta sauka ƙasa da wajen 950. Ni dai shawarata ga mai koyo ita ce ya bar QFE tukuna.

Ta uku ita ce lambar da aka yi ittifaƙi a kanta a duniya: hektofaskal 1013.25, ko inci 29.92 na zaiba. Ba matsin wata rana ba ne. An ƙirƙiro wani yanayi ne na misali, mai zafin digiri 15 a doron teku, yana raguwa da kusan digiri 2 a kowace ƙafa dubu, aka ƙera duk agogunan tsayi a kansa. Ita ce lambar da na tarar a tagar ɗan yayata.

Yanzu a duba lissafin abin da ya same shi. Ya sa 1013, gaskiyar ranar 1006. Bambanci bakwai. Bakwai sau ƙafa 28 ya kama kusan 200. Agogon na ƙidaya daga wani wuri da ke ƙasa da doron teku na ranar da ƙafa 200, don haka duk abin da ya nuna akwai ƙarin 200 a kai. Lokacin da ya ce 1,200, jirgin na kan 1,010 ko kusa, wato ƙasar Sakkwato. Ƙa'idar da ya kamata ta zauna a ka ita ce: idan lambar tagarka ta fi ta gaskiya girma, kana ƙasa da inda kake zato. Wannan ɓangaren shi ne mai kisa. Idan ta fi ta gaskiya ƙanƙanta, kana sama da zatonka, sai dai ka wuce titi ko ka shiga hanyar wani jirgin.

Me ya sa bai taɓa lura ba tsawon watanni? Dalili biyu na gani. Na farko, yakan zaɓi yanayin sarari da simileta ke zuwa da shi, wanda matsinsa 29.92 ne cif, don haka agogon kullum daidai yake ba tare da an taɓa shi ba. Na biyu kuma na ƙasarmu ne. A nan yankin zafi matsin iska ba ya yin nisa da 1013. Da hunturu yakan ɗan hau, da bazara idan ƙasa ta ɗau zafi yakan sauka, amma ba irin na Ingila ba inda guguwar sanyi kan kai shi ƙasa da 980. Kuskuren da za ka yi a Sakkwato ko Kano sau da yawa ƙafa hamsin ne ko ɗari, ka sauka lafiya kana kallon titi, ba ka san ka yi shi ba. Wannan sauƙin shi ke koya mana sakaci, har ranar da hazo ya rufe gari ko ka ɗauki jirgi zuwa Landan.

Akwai wani abu da nake son masu tashi daga filayenmu su riƙa lura da shi, domin yana da ban sha'awa. A ƙasashen zafi matsin iska na hawa da sauka sau biyu a yini kamar numfashi: yana kaiwa ƙololuwa wajen ƙarfe goma na safe da goma na dare, yana faɗuwa wajen huɗu na yamma da huɗu na asuba. Daga hantsi zuwa la'asar yakan ragu da biyu zuwa huɗu. Ajiye jirgi a filin Sakkwato da yanayin ainihi da safe, ka saita agogo, ka tafi harkarka in wuta ta bari, ka dawo da la'asar. Za ka tarar allura ta hau da kanta, jirgin kuwa ko motsi bai yi ba. Wanda ya ga wannan da idonsa sau ɗaya ba ya buƙatar a sake yi masa bayanin abin da agogon ke aunawa.

Ina ake samun lambar? Daga rahoton yanayin filin jirgi da ake kira METAR, wanda a Najeriya hukumar NiMet ke fitarwa. Alamar filin Sakkwato DNSO ce, Kano DNKN, Abuja DNAA. Ga misali na tsara don a ga fasalinsa: DNSO 121400Z 06010KT 2000 HZ 33/05 Q1012. Ranar 12 ga wata ke nan, ƙarfe biyu na rana agogon duniya, wato uku a namu. Iska daga arewa maso gabas, ana gani zuwa mita 2,000, akwai hazo, zafi digiri 33. Abin da kake nema shi ne na ƙarshe, Q1012. A Amurka da Kanada harafin A za ka gani, kamar A2992, wato inci 29.92. Kana iya jin lambar kuma ta rediyon jirgi, a filayen da ke da ATIS, wato sanarwar yanayin fili da ake maimaitawa a rediyo, ko daga bakin mai ba jirage hanya. In duk babu, kana ƙasa, murɗa har allura ta zauna kan tsayin filin, lambar da ta bayyana a taga ita ce QNH ɗinka. Wannan dabarar kuma ita ce gwaji: bayan ka sa lambar da aka ba ka, dubi ko allura ta yi daidai da tsayin filin. A ƙa'idar da ake bi a Amurka, bambancin da ya wuce ƙafa 75 na nufin a binciki agogon.

Wani lokaci rahoton da ka gani a intanet da abin da simileta ke amfani da shi ba sa haɗuwa, don nata ya makara ko intanet ɗinka ya yanke tana tsakiyar ɗauko shi. A irin wannan hali, iskar da ke cikin simileta ita jirginka ke ciki, ita za ka bi.

Sai maganar inci da hektofaskal, wadda ƙarama ce amma tana kayar da mutane. Cessna ɗin da ke zuwa da yawancin simileta tagarsa da inci take, rahoton Najeriya kuwa da hektofaskal. Inci ɗaya hektofaskal 33.86 ne. Don haka 1006 ya zama 29.71, 1010 ya zama 29.83, 1016 ya zama 30.00. A jirage masu allon Garmin G1000 ana sauya ma'aunin daga maɓallan ƙasan allo. A Airbus A320 da Boeing 737 akwai zobe a jikin mamurɗin da ke zaɓar ɗaya cikin biyun. Haɗarin da aka sani shi ne a ce maka 992 kai kuma, saboda sabo da bidiyon Amurkawa, ka sa 29.92. Ka yi kuskuren hektofaskal 21 ke nan, kusan ƙafa 600, kuma ta ɓangaren mai kisa. Shi ya sa a Ingila, idan lambar ta gaza 1000, mai ba da hanya kan furta kalmar hektofaskal a bayanta.

Bidiyon Amurkawan nan su ne kuma tushen wani kuskuren, na tsayin da ake komawa 1013. To mene ne amfanin 1013 in ba lambar gaskiya ba ce? Ka ɗauka jirgi ya taso daga Legas da QNH ɗin Legas, wani ya taso daga Yamai da na Yamai, suka haɗu a sararin Kebbi. Kowa agogonsa na ƙidaya daga wani wuri daban. Ɗaya na ganin yana sama da ɗayan da ƙafa dubu, alhali tazarar ba ta kai haka ba. Maganin da aka samo shi ne, da zarar an yi nisa da ƙasa, kowa ya sa lamba ɗaya. Ko ba daidai ba ce, kuskuren kowa iri ɗaya ne, tazara ta tabbata. Kamar kasuwar da aka yarda a yi awo da mudu guda: ko ya ɗan fi na wani gari, ba wanda zai cuci wani a cikinta. Daga nan ba a cewa ƙafa kaza, sai a ce mataki kaza, FL250 ko FL350, wato ƙafa 25,000 ko 35,000 a agogon da aka sa wa 1013. Tsakanin FL290 da FL410 ƙafa dubu ce kawai ke raba jirage, ka ga kuwa ba wurin wasa da lamba ba ne.

Tsayin da ake sauyawa zuwa 1013 shi ne bai zama ɗaya a duniya ba. A Amurka da Kanada ƙafa 18,000 ne. A Jamus 5,000. A Najeriya, kamar yawancin Afirka, yana can ƙasa sosai da na Amurka, kuma a jikin taswirar kowane fili ake rubuta shi. Wanda ya tashi daga Sakkwato zuwa Kano, tafiyar kusan mil 200 na jirgi, ya ce zai jira 18,000 kafin ya sauya, dokar wata ƙasa yake bi a sararin wata. In a dandalin intanet na VATSIM yake tashi, inda mutane na gaske ke zama a matsayin masu ba da hanya, za a gane shi, domin na'urar da ke aika tsayin jirgi zuwa ga rada kullum da 1013 take lissafi, ko me ka sa a tagarka. A saukowa kuma sai a yi akasin haka: da an ba ka tsayi da ƙafa tare da QNH, ko ka ratsa matakin sauyi, ka koma lambar filin. A Airbus jawo mamurɗin ake yi don STD, wato 1013, a tura shi don QNH. A Boeing 737 danna tsakiyarsa ake yi. Manyan jiragen nan agogo uku gare su, na kyaftin, na mataimaki, da na ko-ta-kwana, kuma dole ukun su yi magana ɗaya.

Na san abin da wani zai ce: ai a Microsoft Flight Simulator harafin B kawai za ka danna, komai ya daidaita. Gaskiya ne, kuma ba laifi ba ne a ranakun farko, lokacin da mutum ke fama da riƙe hancin jirgi. Amma ina ƙin a zauna a kansa. B ba ya koya maka nemo rahoto, ba ya koya maka maimaita lamba, ba ya sa ka tambayi kanka ko lambar ta yi kama da gaskiya. Wasu jiragen da ake saya daban ma ba sa jin sa, ko su gyara agogo ɗaya su bar biyu. Kuma wanda burinsa wata rana ya je Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, kamar ɗan yayata, babu B a jirgin da za a zaunar da shi.

Ranar 23 ga Mayu 2022 wani Airbus A320 ya taso daga Stockholm zai sauka filin Charles de Gaulle na Paris cikin ruwan sama. Masu ba da hanya suka ce 1011, alhali lambar gaskiya 1001 ce. Matuƙan suka sa abin da aka faɗa musu. Bambanci goma, kimanin ƙafa 280. Irin saukar da suke yi, mai suna RNP, ta dogara ne ga agogon tsayi wajen tsara gangara, don haka allonsu ya nuna musu suna kan hanya daidai, jirgin kuwa yana ƙasa da ita tun daga farko. Da ba su ga titi ba suka fasa sauka, kuma binciken hukumar BEA ta Faransa ya nuna cewa ƙafa 6 kacal ta rage su taɓa ƙasa, a wajen filin. Suka kewayo suka sake gwadawa da lambar nan dai, sai da suka hango titi da ido suka gyara. Da a ce tsarin saukar da ake kira ILS suka bi, a can gangarar daga rediyon ƙasa take zuwa, lambar taga ba ta karkatar da ita, sai dai ta ɓata tsayin da za ka yanke shawarar sauka ko fasawa. Wannan bambanci ya cancanci a gwada shi a simileta: sa lamba mai ƙarin goma da gangan, ka sauka sau ɗaya da ILS, sau ɗaya da RNP, ka ga inda kowanne zai kai ka.

Saura zafi, wanda mu a Sakkwato ba baƙonmu ba ne. Ko QNH ɗinka daidai take, agogon na ɗauka cewa iska na da zafin wancan yanayi na misali, wanda a tsayin filinmu digiri 13 ne. Ranar da ake digiri 42, iska ta buɗe, kana sama da abin da allura ke nunawa da kusan kashi 4 cikin ɗari a kowane digiri 10 na ƙari. A ƙafa 3,000 bisa filin, ƙarin zai haura ƙafa 300. Shi ya sa tsayin GPS da na agogo ba sa haɗuwa, kuma sababbin simileta suna kwaikwayon wannan. Kada ka murɗa taga don su haɗu, sauran jirage da agogo suke tafiya. A ƙasa mai tsananin sanyi abin juyawa yake, kana ƙasa da abin da aka nuna, can ne ake ƙara tsayi da lissafi. Inda zafinmu ke cizo shi ne ƙarfin jirgi. Kowane digiri ɗaya na ƙari kamar an ɗaga filin ne da ƙafa 120, don haka da azahar ɗin Afrilu injin da fikafikan Cessna na jin kamar suna wajen ƙafa 4,500, sama da Jos a ranar da ba zafi. Titin Sakkwato mita 3,000 ne, zai ishe ka, amma hawan zai yi nauyi, agogon kuma 1,010 ɗinsa zai nuna a ƙasa.

Bayan magariba ɗan yayata ya sake tayar da jirgin, wannan karon daga Sakkwato zuwa Jos. Ya yago takarda ya rubuta lambar tashi, ya mayar da ita inci da kalkuletar waya, ya murɗa, ya dubi allura.

"Kawu, 1,010."

"To rubuta ta Jos ma tun yanzu, amma ka sake dubawa kafin ka fara gangara. Kafin ka isa ta sauya."